Gwiwa Bisa Kankare

Ranar da Yaritza Cintrón ta ce kwale-kwalensu na bana zai fi na kowa siranta a duk tsibirin Puerto Rico, sai da ɗakin gwajin siminti ya kaure da musu. Su wajen ashirin ne, duka ɗaliban aikin injiniya a jami'arsu da ke yammacin tsibirin, kuma kowace shekara sukan gina kwale-kwale da kankare su kai shi gasa, a yi tsere da na sauran jami'o'i. Bara na huɗu suka zo. Wanda ya ɗauki kofin kuwa ba kowa ba ne illa yayanta Wilfredo, uwa ɗaya uba ɗaya, shugaban ƙungiyar 'yan San Juan, babban birnin tsibirin. Tun daga lokacin ba ya zama cin abinci a gida bai tambaye ta ko bahon wankinsu ya iso gaɓa ba.

Bana ita aka zaɓa shugaba, kuma ta zo da zanenta a shirye. Ta haska shi a bango, dogo, siriri, hancinsa kamar tsinin wuƙa.

Obdulio, ƙaton da ke tuƙi daga baya, ya miƙe ya buɗe hannuwa. "Shugaba, don Allah ki dube ni da kyau. Ni ne zan shiga wannan? Wannan ai ɓawon ayaba ne."

"Ɓawon ayaba ya fi baho gudu," in ji Yaritza.

"To idan ya juye da mu fa?"

"Sai ka yi wanka, dama ka kwana biyu."

Ɗaki ya fashe da dariya, aka ɗaga hannu, zanenta ya ci.

Zangon karatu guda ta yi tana fama da haɗin kankaren. Tsakuwa da yashi ba su da wuri a irin wannan aiki, sun yi nauyi. A madadinsu takan zuba wasu ƙananan ƙwallayen gilashi masu iska a ciki, ƙanana kamar gero, ta haɗa da siminti da zaren roba, ta cika 'yan gwangwanaye, in sun bushe ta sa su a injin matsa ta ga inda za su fashe. Wani haɗin yakan yi ƙarfi amma ya nutse a bokiti kamar dutse. Wani yakan yi iyo amma ya marmashe a hannu kamar biskit. Ranar da ta samu wanda ya yi iyo kuma injin ya sha wuya kafin ya fasa shi, sai ta fita farfajiya da gudu riƙe da gutsuren, tana nuna wa mutanen da ba ta ma san su ba.

Ranar zubi kuwa biki ce. Tun da hantsi aka kunna kiɗa, kowa ya sa safar hannu, aka kewaye mazubin da suka sassaƙa da farin soso. Masu kwaɓa suna kwaɓawa, masu gudu da bokiti suna gudu, sauran suna liƙa kankaren da tafin hannu kamar masu yaɓen ɗaki. Shafi ɗaya, sai a shimfiɗa raga, sai wani shafin. Yaritza tana bin su da ƙusa mai alama tana sokawa, domin kaurin bangon kada ya wuce na ɗan ƙaramin yatsa.

"Jomar, nan ya yi kauri!" ta ce wa ɗaya daga cikin masu liƙin. "Katangar gidanku kake ginawa?"

"Tsoro nake ji, Shugaba!"

"Rage shi, ka ji tsoron daga baya!"

Kusan wata guda kwale-kwalen ya yi a lulluɓe cikin leda ana fesa masa ruwa, ɗalibai suna leƙowa tsakanin darasi da darasi kamar masu dubiya. Da aka cire shi daga mazubi aka goge bayansa da samfefa har ya yi santsi, sai ga shi baƙi mai ɗigo-ɗigon fari, domin a cikin simintin suka zuba launin. Mutum huɗu suka ɗaga shi ba wanda ya yi nishi. Keishla, ƙawar Yaritza kuma abokiyar tuƙinta, ita ta raɗa masa suna Tinglar, sunan ƙaton kunkurun tekun nan da ke jan ciki a gaɓa amma in ya shiga ruwa ba a kamo shi.

Sai dai ba wanda ya yarda a jefa Tinglar a ruwa kafin ranar gasa, kada ya bugi dutse ya tsage. Duk atisayensu a bakin kogi suka yi shi, cikin wani faffaɗan kwale-kwalen roba na aro, suna durƙushe a miƙe bisa matasan soso masu kauri.

Gasar ta bana a wani tafki aka yi ta, cikin duwatsun da ke bayan birnin Ponce. Kafin rana ta ɗaga gaɓa ta cika da rumfuna da tutoci, ga masu bandiri daga kowace jami'a suna gwada hannu, ga ƙamshin tsiren kaza da soyayyar ayaba. Mahaifiyarsu, Doña Migdalia, ta iso da ƙatuwar kular shinkafa da wake, ta auna da ido, ta dasa kujerarta daidai tsakiyar rumfar 'yarta da ta ɗanta.

"Mama, wa kike goyon baya?" Wilfredo ya tambaya.

"Wanda ya cinye abincinsa," ta ce.

Ya tako zuwa inda Tinglar yake kwance bisa sanduna, ya zaga shi yana fito. Nasu kwale-kwalen yana can gefe, shuɗi, mai faɗin ƙirji, ya riga ya sha ruwa sau da yawa a atisaye.

"Ƙanwata, wannan na tsere ne ko na rataye a falo?"

"Yaya, ka dube shi da kyau yanzu. An jima bayansa kawai za ka riƙa gani."

"Kun taɓa hawansa kuwa?"

Ta kau da kai ta hau goge hancin Tinglar, shi kuma ya gane amsar. Ya daina dariya, ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai aka busa usur ana kiran ƙungiyoyi gwajin farko.

Gwajin farko shi ne na nutsarwa. Ana cika kwale-kwale da ruwa a danna shi ƙasa, in ya taso da kansa ya cancanci tsere, in ya zauna a ƙasa shi ke nan, sai a shiga nemo shi. 'Yan ƙungiyar suka shiga ruwa har ƙugu, suka kwarara wa Tinglar bokiti bayan bokiti, suka danna shi har ya ɓace. Alƙali ya ce a saki. Aka saki.

Ruwa ya kwanta lumui. Yaritza ta ƙura wa wurin ido. Keishla ta damƙe mata hannu har farce ya shiga. Sai ga baƙin hanci ya ɓullo, sai gefe, sai dukan jikin ya taso yana tsiyaya.

"Ya taso! Wallahi ya taso!" Jomar ya kurma ihu, ya faɗa ruwa da baya. Masu bandirinsu suka ɓarke da kiɗa, Yaritza ta yi ta tsalle a cikin ruwa kamar ƙaramar yarinya.

Murnar ba ta daɗe ba. Tseren farko na mata biyu-biyu ne, ana ratsa tsakanin jajayen gorunan roba da aka jera a kan ruwa. Yaritza a baya, Keishla a gaba, kowacce ta durƙusa bisa matashinta. Tun kafin usur suka ji abin yana rawa a ƙarƙashinsu kamar ɗan akuya. Da aka busa, bugun filafili uku kacal suka yi sai ga su sun bar kowa. Yaritza ba ta taɓa jin gudu irin wannan a ruwa ba, har ihu ya kuɓuce mata. Suka wuce gora ta farko. A ta biyu Keishla ta karkata dama don ta ja hancin, kamar yadda suka saba yi a na roba, sai sama ta koma ƙasa.

Da Yaritza ta ɗago kai tana tari, rigar ceto ta tokare mata haɓa, sauran kwale-kwalen suna wuce su ɗaya bayan ɗaya. Tana jiyo dariya daga gaɓa.

Tseren maza bai fi haka daɗi ba. Obdulio da Jomar ba su kife ba, amma sun yi tuƙin ne kamar masu ɗauke da kwanon miya cike a ka, kowane motsi da lallaɓa. Na biyun ƙarshe suka zo.

Yaritza ta zauna a kan wani dutse a bakin ruwa, tawul a wuya, ba ta son ganin kowa. Ita ta nace a kan sirantar, ita ta hana a gwada shi. Wilfredo ya zo ya tsuguna kusa da ita da kofin kofi.

"Ba ki bugu ba dai ko?"

"Yaya, don Allah ka yi tsokanarka ka tafi. Tausayin nan ya fi ciwo."

"To shi ke nan. Iyonki ya yi kyau." Ya ajiye mata kofin ya tashi.

Tana nan zaune idonta ya sauka kan Obdulio da Jomar suna dawo da Tinglar gaɓa. Matashin Obdulio ya zame ya faɗa ruwa yana bin su a baya, shi kuma gajiya da haushi sun sa ya zube bisa dugadugansa, gwiwoyi a ware sun tokare bangon dama da na hagu. Yana ta faɗa da Jomar, yana wurgi da hannu, yana juyi yadda ya ga dama. Kwale-kwalen kuwa ko gezau.

Ta miƙe har kofin ya zube.

"Obdulio! Kada ka tashi! Zauna yadda kake!"

"Me na yi kuma?"

"Karkata dama! Da ƙarfi!"

Ya karkata. Tinglar ya ɗan sunkuya ya dawo daidai.

Ta faɗa ruwa da gudu tana kiran Keishla. "Matasan ne! Sun ɗaga mu sama da yawa! A na roba ba komai, shi faffaɗa ne. A wannan dole nauyinmu ya sauka ƙasa. A fitar da su duka!"

Keishla ta leƙa cikin kwale-kwalen ta shafa ƙasansa. Bayan kawai suka goge, cikin yana nan da kaushinsa kamar dutsen niƙa. "Ke, kin san abin da wannan zai yi wa gwiwa kuwa?"

"Na sani. Za ki shiga ko in nemi wata?"

"Wa za ki nema? Matsa mini."

Saura tsere ɗaya, na mutum huɗu, mata biyu maza biyu, kuma shi ne wanda kowa ya zo kallo. Yaritza ta ruga wurin alƙalai ta tambaya ko doka ta hana tuƙi ba matashi. Babbar alƙaliyar ta dube ta ta saman tabarau ta ce, "Rigar ceto ce dole. Gwiwa kuwa taki ce." Yayin da sauran ƙungiyoyi suke cin abincin rana, su huɗun suna can wani lungu na tafkin suna koyon kwale-kwalensu kamar yau suka fara tuƙi. Suka kife sau ɗaya, suka kwashe ruwan, suka sake hawa. A hankali suka gane halinsa. Ba ya son a ja shi da kafaɗa, da ƙugu ake juya shi, kuma in filafilai huɗu suka shiga ruwa tare, yakan miƙe kamar kibiya.

"Kai, ashe doki ne!" in ji Obdulio. "Mu ne ba mu iya hawa ba!"

A zagayen share fage suka zo na biyu, da ƙyar, suna ɗan tangaɗi. Hakan ya isa ya kai su na ƙarshe. Jama'ar da suka yi musu dariya da safe suka fara matsowa bakin ruwa.

Kwale-kwale biyar suka jeru. Za a miƙe ne zuwa wata babbar gora ja can tsakiyar tafki, a zaga ta, a dawo. Keishla a gaba, Jomar da Yaritza a tsakiya, Obdulio a baya. A layin da ke damansu ga shuɗin kwale-kwalen San Juan, Wilfredo a bayansa yana murza wuya.

"Ƙanwata, in kun kife ku kauce mana hanya!"

"Yaya, ka gaida bayanmu!"

Usur ya tashi.

'Yan San Juan suka fita kamar an harba su, sun san jirginsu, bugunsu ɗaya ne. Tinglar ya yi wata rawa a bugun farko, Yaritza ta ji shi a ƙarƙashinta. "Ƙasa! Ku zauna ƙasa!" ta daka tsawa. Suka danna gwiwa cikin kankare, rawar ta tsaya. Daga gaɓa bandirinsu ya kama wani kiɗa mai sauri, Keishla ta ɗauki bugunsa, sauran suka bi ta. Hancin ya ɗaga. Suka wuce na kore, suka wuce na fari da na rawaya a tare. Ruwa yana fallatsa a fuska, kaushin kankare yana cin fata, Yaritza ba ta ma ji ba. Abin da take gani kawai bayan rigar yayanta, yana matsowa.

Kafin gora tsayin kwale-kwale guda ne tsakaninsu. Shuɗin ya isa da gudunsa, kuma da yake mai nauyi ne, gudun ya ja shi ya yi faɗi wajen zagayawa. Tsakaninsa da gorar sai ga wata 'yar kafa, da ƙyar ta fi faɗin ƙofar ɗaki.

"Shugaba?" Obdulio ya kira daga baya.

A irin wannan kwanar suka kife da safe. Amma bakinta ya riga tunaninta. "Shiga! Da ƙugu, kowa da ƙugu!"

Obdulio ya soka filafilinsa ya danne da dukan ƙarfinsa. Keishla ta ja hancin ba tare da ta ɗaga kafaɗa ba. Tinglar ya kwanta gefe har ruwa ya leƙo bakinsa, gorar ta goge gwiwar hannun Jomar, aka yi wani ɗan lokaci da ba wanda ya san ko sama suke ko ƙasa. Sai ya miƙe. Da suka ɗago, hancinsu da na San Juan suna kai ɗaya, duka suna fuskantar gaɓa.

Wilfredo ya waigo, idanunsa waje. "Ta ina kuka fito?"

Ita dai ta soka filafilinta ta ja.

Dawowar nan ba dabara a cikinta, ƙarfi ne kawai da naci. Gaɓa gaba ɗaya ta rikice, bandirin jami'o'i duka ya haɗe ya zama ɗaya, ana kiran sunayen da ba a ma jin su. 'Yan San Juan sukan ɗan wuce, Tinglar ya kamo, su sake wucewa. Hannuwan Yaritza suka yi nauyi kamar ba nata ba. Jomar yana nishi kamar bijimi. Obdulio kuwa ya koma ihu da kowane bugu, "Ja! Ja! Ja!" Can ta hango mahaifiyarsu ta bar kujera ta shiga ruwa da takalminta har ƙauri, tana kaɗa murfin kula a sama, ba a san wa take kira ba.

"Goma na ƙarshe!" Keishla ta ƙwala. "Ku ba ni duka!"

Suka ba ta. Yaritza ta rufe ido ta ja, ta ja, ta ja, har ta ji usur.

Ba wanda ya san wanda ya ci. Kwale-kwalen biyu suka yi ta shawagi gefe da gefe, mutum takwas suna haki. Alƙalai suka haɗa kai kan hoton da aka ɗauka a layi. Sai babbar alƙaliyar ta ɗauki lasifika ta ce baƙin hanci ya riga shuɗi da abin da bai kai tafin hannu ba.

Obdulio ya manta inda yake, ya miƙe tsaye da hannuwa sama, Tinglar ya juye da su duka huɗun. Wannan karon Yaritza ta fito daga ruwa tana dariya har tana shaƙewa. 'Yan ƙungiyarsu suka rugo cikin tafkin da kayansu, wasu da bandiri a hannu, suka ɗaga ta sama suka sake jefa ta.

Da yamma aka haɗa maki, na tsere da na rahoton aiki da na bayani gaban alƙalai. Kifewar safe ta ci su. San Juan ta sake ɗaukar babban kofi, 'yan yamma suka zo na biyu, aka ba su lambar tseren mutum huɗu da ta haɗin kankare mafi kyau. Yaritza ta karɓi nata tana ɗingishi, sai a lokacin ta dubi ƙafafunta. Gwiwoyin sun saɓule, jini ya gangaro har idon sawu ya bushe. Na sauran ukun ma haka.

Doña Migdalia ta jera su huɗu a kan benci kamar 'yan firamare, ta fito da kwalbar aidin da auduga daga jakarta.

"Mama, a hankali, da zafi!"

"Da zafi? Lokacin da kike murza ta a siminti ba ki ji zafi ba? Miƙo ɗayar." Ta juya kan Obdulio, wanda ya fara ja da baya. "Kai kuma ƙato, ina za ka? Zauna."

Wilfredo ya zo da kofinsa a hammata, ya tsaya yana kallon Obdulio yana cije leɓe, hawaye na taruwa a idonsa. Ya zauna kusa da ƙanwarsa, ya ɗora mata kofin a cinya.

"Riƙe mini, hannuna ya mutu," ya ce. Sannan ya ƙara da cewa, "Wannan kwanar da kuka yi, ni ban isa in gwada ta ba."

"Maimaita, Yaya, ban ji ba. Ruwa ya shiga kunnena."

"Kin ji sarai."

Aidin ya sauka kan ɗaya gwiwar, Yaritza ta ƙwala ƙara har masu loda kwale-kwale a tirela suka waigo, sannan ta fashe da dariya, ta miƙa hannu a zuba mata shinkafa.